Shafina yana buɗewa a gida, amma ya ƙi buɗewa daga waje

Tambaya: Na girka Apache a kwamfutata, na ɗora shafin da nake ginawa. Idan na rubuta localhost a burauza yana buɗewa lafiya lau. Na aika wa abokin aikina adireshin 192.168.1.20 don ya duba daga inda yake, ya ce burauzarsa ta yi ta juyawa har ta gaji. Me zan yi a riƙa ganin shafin daga waje?

Amsa: Ɗan'uwa, sabar ɗinka, wato Apache ɗin da ke miƙa shafin ga burauza, lafiyarta ƙalau, abokin aikinka ma bai yi kuskure ba. Adireshin da ka ba shi ne ba ya aiki a wajen gidanka. Duk adireshin da ya fara da 192.168, ko da 10, ko wanda ya faɗa tsakanin 172.16 da 172.31, na cikin gida ne. Tun 1996 aka ware su a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1918, aka ce kowa ya raba wa na'urorinsa yadda ya ga dama, amma manyan hanyoyin intanet ba za su kai saƙo gare su ba. Yanzu haka akwai kwamfutoci barjat a duniya masu ɗauke da wannan 192.168.1.20 ɗin. Da abokinka ya rubuta shi, cikin nasa gidan burauzarsa ta shiga nema, ba ta ko kama hanyar naka ba.

Ƙarancin adireshi ne ya jawo wannan tsari. Adireshin IPv4 bai wuce biliyan 4.3 ba gaba ɗaya, kuma hukumar IANA, mai rabon adireshin intanet a duniya, ta raba na ƙarshen da ke hannunta a watan Fabrairun 2011. Don haka kamfanin da ke ba ka intanet adireshi ɗaya tak yake bai wa rautarka, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, ita kuma ta tara duk na'urorin gidan a bayansa. Wannan dabarar ake kira NAT. Ka ɗauki rautar kamar mai gadin babban gida mai ɗakuna da yawa. In wani na ciki ya aika saƙo waje, mai gadi yana rubuta ɗakin da saƙon ya fito, in amsa ta dawo ya san inda zai kai ta. Amma in baƙo ya zo haka kawai ba wanda ya kira shi, mai gadi bai san ɗakin da zai nuna masa ba, sai ya sallame shi. Abokinka shi ne wannan baƙon, ko da ka ba shi adireshin waje na gaskiya. Aikin da ke gabanka shi ne ka shaida wa mai gadi cewa duk wanda ya zo neman shafi a kai shi ɗaki kaza.

Sai dai kada ka fara da rautar. Na sha ganin mutum ya kwana yana juya saitinta alhali matsalar tana kan teburinsa. Daga ciki ake farawa, a yi waje.

Ka fara tabbatar da inda sabar take saurare. Kalmar localhost tana nufin 127.0.0.1, adireshin da kwamfuta ke magana da kanta da shi, kuma saƙon da aka aika masa ba ya fita daga cikinta. In a nan kaɗai sabar take kasa kunne, ko wayar da ke hannunka ba za ta same ta ba, balle wanda ke wata uwa duniya. A Linux ka rubuta ss -tlnp, a Windows kuma netstat -ano. In ka ga 127.0.0.1:80, a rufe take. In ka ga 0.0.0.0:80 ko *:80, tana sauraron kowa. Apache ba ya cika ba da wahala a nan, domin layin Listen 80 da ke fayil ɗin saitinsa yana buɗe shi ta kowane ɓangare. Masu gina shafi da manhajar Flask ko Django su ne wannan ke yawan kamawa, don ƙananan sabar gwajinsu a 127.0.0.1 suke tashi, ɗaya a ƙofa 5000 ɗaya a 8000, sai an gaya musu su koma 0.0.0.0. Django ma zai ƙi karɓar baƙon suna in ba a sa shi cikin ALLOWED_HOSTS ba.

Lambar da ke bayan ɗigo biyun nan ita nake kira ƙofa, wato port. Kowace kwamfuta tana da su har 65535, kowace hidima da tata: 80 ta shafin intanet ce, 443 ta shafi mai kulle wato HTTPS, 22 ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa.

Daga nan sai katangar tsaron kwamfutar kanta. Windows Defender Firewall tana toshe baƙin saƙo, musamman in kwamfutar ta ɗauki wayafai ɗin gidanka a matsayin Public. Ka ƙara doka a Inbound Rules wadda ta yarda da TCP a ƙofa 80. A Ubuntu, sudo ufw allow 80/tcp ya wadatar. Ina roƙonka kada ka kashe katangar gaba ɗaya da sunan gwaji, don wanda ya kashe ba kasafai yake tuna ya kunna ba. Yanzu ɗauki wayarka, haɗa ta da wayafai ɗin gidan, rubuta http://192.168.1.20. Muddin bai buɗe a nan ba, kada ka matsa gaba.

Ka kuma koyi sauraron abin da burauza ke faɗa in ta kasa, domin kasawar iri biyu ce. In nan take ta ce an ƙi haɗin, saƙonka ya isa na'urar, sai dai bai tarar da mai saurare a wannan ƙofar ba, don haka sabar za ka duba. In kuwa ta yi ta juyawa har lokaci ya ƙare, kamar yadda ta yi wa abokinka, saƙon ya ɓata a hanya ne ko wata katanga ta haɗiye shi shiru. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya rage maka rabin wahala.

To, ya buɗe a waya. Yanzu ga binciken da nake ganin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne mafi yawan masu koyar da wannan aiki ke tsallakewa. Shiga shafin saitin rautarka, yawanci a 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ka nemi inda aka rubuta WAN IP ko Internet IP, ka kwafe lambar. Sannan ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi. Kwatanta su.

In sun zo ɗaya, kana da adireshin waje na gaskiya, hanya a buɗe take. In sun bambanta, akwai wani mai gadi a gaban naka. Wani lokaci a cikin gidanka yake: kamfani ya ba ka na'urarsa, kai kuma ka jona taka rautar a bayanta, sai ka ga WAN ɗin ya fara da 192.168. Wannan mai sauƙi ne, ko ka mayar da na'urar kamfanin zuwa Bridge Mode, ko ka yi turin ƙofar, wato dokar da ke sa rauta ta miƙa baƙo ga na'urar da ka zaɓa, a na'urorin biyu, ta farko ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta miƙa wa kwamfuta. Amma in lambar ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ta fara da 10 alhali ba wata na'ura a gabanka, to kana bayan CGNAT. Ma'ana kamfanin ya haɗa ka da wasu kwastomomi da yawa a kan adireshi ɗaya, kuma babbar rautar da ke yin rabon tana ofishinsu, ba ka da iko a kanta. Jerin 100.64 ɗin nan a 2012 aka ware shi musamman don wannan aiki. Kusan duk mai hawa intanet ta layin waya, ko da modem mai sim ko da hotsifot, a nan yake. In haka ne, duk wani turin ƙofa da za ka yi a rautarka aikin baban giwa ne, don saƙon ba ya ma isowa gare ta. Ba laifinka ba ne, ba kuma laifin rautar ba. Abin da ya rage maka shi ne ka nemi kamfanin ya ba ka adireshin waje, wanda wasu ke bayarwa da ƙarin kuɗi, ko ka bi ta sabon tsarin adireshi na IPv6, ko ka haƙa bututu. Zan zo kansu.

Bari mu ce ka dace, lambobin sun zo ɗaya. Kafin turin ƙofa, ka daure kwamfutar a kan adireshi guda. Rauta aron adireshi take bayarwa ta tsarin DHCP, yau 192.168.1.20, bayan an kashe an kunna ya iya zama .23, dokarka kuma ta ci gaba da kai baƙi ɗakin da ba kowa. Ka nemi Address Reservation ko DHCP Reservation, ka haɗa lambar MAC ta kwamfutar, wato lambar shaidar da rauta ke gane ta da ita, da adireshin da kake so. Sannan ka shiga Port Forwarding, wanda a wasu rautocin, kamar na TP-Link, ake kira Virtual Servers. Abu huɗu za ka cike: ƙofar waje 80, adireshin ciki 192.168.1.20, ƙofar ciki 80, nau'i TCP. Ka maimaita da 443. Wasu kamfanoni suna toshe 80 ga layukan gida. In ka gamu da haka, sa ƙofar waje ta zama 8080 ta ciki ta zauna 80, sai mai ziyara ya ƙara :8080 a ƙarshen adireshin.

A kusa da wurin za ka ga wani zaɓi mai suna DMZ. Kada ka taɓa shi. Yana aiki, shi ya sa yake da haɗari: duk ƙofofin kwamfutarka yake miƙa wa duniya, ba 80 kaɗai ba.

Wajen gwaji ma akwai tarko. In kana zaune a cikin gidan ka rubuta adireshinka na waje, wasu rautocin ba su iya lanƙwaso saƙon ya dawo ciki ba, sai ka zaci aikin bai yi ba alhali ya yi. Wasu kuma shafin saitinsu za su nuna maka. Kashe wayafai a wayarka, kunna data, ka gwada daga can. In shafin ya buɗe amma hotuna sun ƙi fitowa, ko ya mayar da kai localhost, hanya ta yi kyau, manhajar shafin ce ta riƙe tsohon adireshi. WordPress ya shahara da wannan, don yana adana adireshin shafi a rumbun bayanansa, sai an je an gyara.

Adireshin waje na layin gida yakan sauya lokaci zuwa lokaci. Maganinsa DDNS: ka yi rajistar suna a DuckDNS ko No-IP, wata 'yar manhaja a rauta ko a kwamfuta ta riƙa sanar da su duk sanda adireshin ya sauya. Mutane sunan za su riƙe, ba lambar ba. Na No-IP na kyauta sai ka riƙa tabbatar da shi duk kwana 30, in ba haka ba su karɓe. Da ka samu suna, ka sa wa shafin kulle. Let's Encrypt suna ba da takardar shaida kyauta mai gajeren wa'adi, wadda manhajar Certbot ke sabuntawa da kanta, sabar Caddy kuma ita ke yin komai ba sai ka sa hannu ba. Hanyar tantancewar da aka fi bi tana buƙatar su iso ka ta ƙofa 80, don haka wanda aka toshe wa ita sai ya bi ta hanyar DNS, wato tsarin da ke haɗa suna da adireshi. In shafinka yana karɓar kalmar sirri, kada ka bar shi a HTTP ko na yini ɗaya, don a fili take tafiya.

IPv6 kuwa ba ya buƙatar NAT, don adireshinsa yana da yawan da ba a tsoron ya ƙare. In kwamfutarka tana da wanda ya fara da 2 ko 3, na duniya ne, wanda ya fara da fe80 kuma na cikin gida. Sai ka buɗe ƙofar a katangar rautar, ka sa adireshin a rikodin AAAA na sunanka, wato layin da ke haɗa suna da adireshin IPv6. Cikas ɗin kawai shi ne mai ziyara ma dole layinsa ya kasance da IPv6, kuma har yau ba kowa ke da shi ba.

Yanzu bututu. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin masu irin tambayarka, har da waɗanda ke da adireshin waje. Hikimar a juye take. Tunda mai gadi ba ya hana na ciki fita, sai kwamfutarka ta fita da kanta ta ƙulla haɗi da wata sabar da ke zaune a fili a intanet, ta riƙe haɗin a buɗe. Baƙo ya je wa waccan sabar, ita kuma ta zuro saƙonsa ta cikin haɗin da ka riga ka buɗe. Ba ka taɓa rauta ba, ba ruwanka da CGNAT, kuma baƙon bai ga adireshin gidanka ba.

Don nuna wa mutum ɗaya aiki na awa ɗaya, ngrok http 80 zai ba ka adireshi mai HTTPS nan take, bayan ka buɗe asusu da su. Manhajar cloudflared ma tana yin haka da cloudflared tunnel --url http://localhost:80, ta ba ka wani suna na wucin gadi. In abin mai ɗorewa kake so kuma kana da sunan shafi naka, Cloudflare Tunnel zai zauna yana aiki a bayan fage. Amma ka san abin da ka bayar a madadin sauƙin: a sabar kamfanin ake kwance kullen kafin a miƙo maka saƙon, don haka suna da ikon ganin abin da ke wucewa. Ga shafin gwaji wannan ba komai ba ne. Ga bayanan mutane masu nauyi, abin tsayawa a yi tunani ne.

Wanda bai son ɗan tsakiya sai ya yi hayar ƙaramar sabar da ke zaune a fili a intanet, wadda ake kira VPS, ya haƙa nasa. Umarni ɗaya ne:

ssh -N -R 8080:localhost:80 sunanka@adireshin-vps

Wannan yana cewa duk abin da ya zo ƙofa 8080 a can a kawo shi ƙofa 80 a nan. Abin da ke rikita mutane shi ne SSH a 127.0.0.1 na VPS ɗin yake buɗe 8080 ɗin, don haka daga waje ba a ganinta. Za ka iya sauya GatewayPorts a saitin sshd, amma ni na fi son a bar shi yadda yake, a sa Nginx ko Caddy a gaba ya karɓi baƙi a 443 ya miƙa wa 127.0.0.1:8080. Ka haɗa da autossh don ya sake ƙulla haɗin in layi ya yanke. WireGuard ya fi SSH juriya in aikin na dindindin ne.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: duniya kake so ta gani, ko mutum ɗaya? In abokin aikinka ne kaɗai, ba dalilin buɗe wa kowa. Ku sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urori a keɓantaccen layi, ku biyu, ka raba masa kwamfutar, ya shigo kamar yana cikin gidan, sauran jama'a kuma ba su ma san akwai shafin ba.

Na nace a kan wannan ne saboda abin da ke biyo bayan buɗe ƙofa. Mutane suna cewa ai ba wanda ya san adireshina. Ba sai an sani ba. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin IPv4 ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofofi, kuma injin bincike irin Shodan yana tara abin da aka gano kowa ya duba. Ko sunan da ka karɓi takardar shaida da shi ana wallafa shi a kundin da kowa ke iya karantawa. Ka buɗe access.log na Apache kwana ɗaya bayan ka buɗe ƙofar, za ka ga baƙi suna neman /wp-login.php da /.env da /phpmyadmin a shafin da ba ka gaya wa kowa ba. Ba su san ka ba, tsaga suke nema, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa ba da wata gagarumar dabara ba, da gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta kawai, aka kuma yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn harin da ya durƙusar da manyan shafuka a watan Oktoban shekarar.

Abin da ya fi damuna shi ne kwamfutar da kake shirin buɗewa ita ce wadda kake aiki da ita, da fayilolinka da kalmomin sirrinka a ciki, kuma tana kan layi ɗaya da sauran na'urorin gidan. Wanda ya shiga ta shafin bai tsaya a shafin ba. In Apache ɗin naka ta XAMPP ya zo, wato kunshin da ke girka shi tare da rumbun bayanai na MySQL, su kansu masu shi sun ce don gwaji aka yi shi, ba don a fito da shi fili ba, kuma MySQL ɗinsa yana zuwa ne ba kalmar sirri a kan root. Ka sa masa yau, ka tabbatar phpMyAdmin ba ya buɗewa sai daga kwamfutar kanta. Ƙofofin 3306 na MySQL, 5432 na PostgreSQL, 6379 na Redis da 3389 na shiga Windows daga nesa, kada ɗayansu ya leƙa waje. Ka kashe Indexes don kada Apache ya jera wa baƙo fayilolinka, ka fitar da .env da .git daga babbar jakar fayilolin shafin. Masu Docker kuma su lura: -p 8080:80 yana tsallake dokokin ufw, kana ganin ka rufe ashe a buɗe yake. Rubuta -p 127.0.0.1:8080:80 in ba ka so ya fita. In shafin zai daɗe a buɗe, ka mayar da shi kan wata na'ura daban, tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi, wadda ba komai a cikinta sai shi, ka riƙa sabunta ta.

Ka sa a rai kuma cewa saurin shafin a wajen baƙo saurin aikawar layinka ne, ba na saukewa ba, kuma a yawancin layukan gida na aikawa ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka in ta yi barci shafin ya yi barci, don haka sai ka gyara saitin wutarta. Ka kuma duba yarjejeniyarka da kamfanin intanet, don wasu sun hana ɗora sabar a layin gida. Shafin da jama'a za su dogara da shi kullum, wurinsa sabar haya.

Ga naka halin, tunda abokin aiki ne zai duba shafin da ake kan ginawa, ka gyara kalmar sirrin MySQL, ka kunna ngrok ko cloudflared, ka aika masa adireshin, in ya gama ka danna Ctrl+C bututun ya rufe. In kuma kana so ka bi hanyar rauta don ka koya, abu ne mai kyau, ka gwada. Inda ka maƙale, ka turo mini kashi biyu na farkon lambar WAN ɗinka kawai, ba dukanta ba, da abin da ss ko netstat ya nuna a layin ƙofa 80, da kuma ko burauzar ta ce an ƙi haɗin ne ko lokaci ne ya ƙare.